Tun da muka binne shi ban iya buɗe baki na yi waƙa ba

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekaruna 38, ina zaune a nan Sakkwato da 'ya'yana uku. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Ya rasu a watan Afrilu, mako guda bayan Ista, bayan wata goma sha huɗu yana fama da ciwon ƙoda. Mun sayar da filinmu da babur ɗinsa, na sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkina, mun ci bashi, duk don wankin ƙoda. Ikilisiyarmu ta yi azumi dominsa. Ana cikin haka aka kai ni wurin wani mai wa'azi, ya ce Allah ya nuna masa maigidana zai tashi idan na shuka iri da bangaskiya. Na ba shi kuɗin wanki biyu. A watan ƙarshe sau ɗaya muke iya kai shi a mako, alhali likita sau uku ya ce. Wannan kuɗin shi ke hana ni barci. Yayar mijina kuma ta faɗa a gaban mutane cewa da bangaskiyata ta cika da bai mutu ba.

Ni ce nake ba da waƙa a Zumuntar Mata, amma tun da muka binne shi ban iya buɗe baki ba. In na durƙusa addu'a, fushi nake ji. Babban ɗana mai shekara 15 ya daina zuwa sujada, ya ce Allahn da aka yi wa azumi bai ji ba, me zai je ya gaya masa. Uwar mijina tana so in kwashe yara in koma gida wajen Zuru, ƙanen mijina ma ya ce ba zai iya riƙe gida biyu ba. Hayarmu za ta ƙare a Disamba. Wadda ta fi kowa leƙo ni ita ce maƙwabciyata Hajiya, amma wata a coci ta ce in yi hattara da ita. Wani lokaci nakan ce da ma in kwanta kada in farka. Mama, bangaskiyata ta mutu ne? Ina ta'aziyyar da na yi ta rera wa wasu?

Wata 'yar'uwa daga Sakkwato

Ɗiyata, sannu. Sannu da rashi, sannu kuma da jinya, don wata goma sha huɗu a gefen gadon mai ciwon ƙoda ciwo ne mai zaman kansa, kuma da wuya a tuna a gai da mai jinya a kai. Na yi aikin asibiti shekaru masu yawa kafin in ajiye. Na san wannan bencin da mace kan zauna tana lissafin kuɗi a ka, injin yana can ciki yana juya jinin mijinta. Da na karanta wasiƙarki, a kansa na gan ki.

Zan fara da ƙayar da ta fi nutsewa, wato kuɗin wanki biyu. Ki saurare ni a matsayin ma'aikaciyar jinya tukuna. Wanki ba ya warkar da ƙoda. Injin yana ɗaukar aikin da ƙodar ta daina yi na wajen awa huɗu, ya tace jini, ya rage ruwa, bayan kwana biyu dattin ya sake taruwa. Ƙodar da ta kai wannan matakin hanya biyu ta rage mata: wanki har iyakar rai, ko dashen wata. Mafi yawan masu wannan ciwo a ƙasar nan ba sa iya ci gaba da biya bayan 'yan watanni, ke kuwa kin ja abin har wata goma sha huɗu da fili da babur da keken ɗinki. Ba zan rantse miki cewa wanki biyu ba za su ƙara masa kwana ko ɗaya ba, don ba na so in ba ki ta'aziyyar da za ta rushe da tsakar dare. Abin da na tabbata shi ne, da kin biya su, mako na gaba kina nan a kan bencin nan da hannu wofi da ƙodar da ba ta dawo ba. Ciwon ne ya kashe mijinki, talauci ya taya shi. Matar da ta sayar da abin sana'arta don mijinta ya ƙara numfashi, ba a sa sunanta cikin waɗanda suka kashe shi.

Shi kuwa mai wa'azin nan, raina ya ɓaci ƙwarai da labarinsa. Ya sami mace cikin ruwa tsundum, ya miƙo mata kaifin takobi, ta kama. Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu game da irinsa ba. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce idan annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to Ubangiji bai faɗa ba. Da Na'aman ya warke daga kuturta ya kawo dukiya, Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala, baransa Gehazi da ya bi bayan dukiyar shi kuturtar ta kama. Bitrus kuma ya tsawata wa Siman mai sihiri da ya ɗauka ana sayen baiwar Allah da kuɗi. Ki raba abu biyu da suka manne a zuciyarki: alkawarin da ya faɗi ƙasa na mutumin nan ne, Allah bai taɓa sa hannu a kansa ba. Ba na so ki je ki yi faɗa da shi, ba ki da ƙarfin da za ki zubar a can. Ki dai zauna da fastonku da matarsa ki faɗa musu abin da ya faru dalla-dalla, da wanda ya kai ki, domin gobe wata ce za a ɗauka daga bakin asibiti a kai masa.

Maganar yayar mijinki ta yi miki rauni, kuma kuskure ce. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Shi ɗin da aka warkar da mutane ta hannunsa ya rubuta wa Timoti cewa ya baro Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Ubangijinmu da kansa ya koma sau uku a Getsamani yana roƙo ƙoƙon ya wuce shi, gari ya waye aka kai shi Golgota. Wa zai ce bangaskiyar waɗannan ce ta gaza? Abokan Ayuba sun yi abin kirki kwana bakwai da suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki suka fara laluben laifinsa, a nan suka ɓata, har a sura ta 42 Allah ya ce da Elifaz ya yi fushi da shi da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda Ayuba ya yi. Ki lura, Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa shi aka ce ya faɗi gaskiya. Duk da haka ina roƙonki ki tuna ita ma ƙanenta ta rasa. Mutum in mutuwa ta fi ƙarfinsa yakan nemi wanda zai ɗora wa, don ya fi sauƙi a ce wance ce ta gaza da a yarda cewa ba wanda ya isa ya hana. Wannan bai wanke maganarta ba. Amma ba sai kin rama ba, ba kuma sai kin yi gaggawar cewa kin yafe alhali ciwon ɗanye ne. Ki nemi wata dattijuwa da take jin nauyinta ta gaya mata a keɓe cewa yaran ƙanenta sun ji abin da ta faɗa game da uwarsu.

Yanzu ga tambayarki ta ainihi. A'a, ɗiyata, bangaskiyarki ba ta mutu ba. Kin ce in kin durƙusa fushi kike ji. Da wa kike fushin? Ba a fushi da wanda aka tabbata babu shi. Har yanzu kina durƙusawa, har yanzu kina ganin akwai wanda ya kamata ya amsa miki. Matsalar ita ce an koya mana addu'a iri ɗaya tak, mai tsabta, mai fara'a, wadda ake rufewa da godiya, sai muka ɗauka in ba mu da irin wannan gara mu yi shiru. Alhali wajen sulusin Zabura 150 kuka ne da ƙara. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a jere. Yau da dare ki buɗe Zabura 88. Ita ba ta ma juyo ta yi yabo a ƙarshe kamar 'yan'uwanta ba. Mai ita ya ce wa Allah kai ne ka jefa ni cikin rami, kai ka raba ni da abokaina, ya rufe da duhu, shi ke nan. Ki duba rubutun da ke samanta: ga shugaban mawaƙa aka miƙa ta. Wato an ba mai ba da waƙa, irinki, ya tsaya gaban jama'ar Allah ya rera wannan. Ruhu Mai Tsarki bai ji kunyar ajiye ta a tsakiyar Littafinsa ba, don ya san za a yi dare irin naki a wani ɗaki a Sakkwato.

Don haka ki faɗa masa. Ki ce masa mun yi azumi ba ka ji ba, ka bar ni da yara uku da bashi. Marta ta tare Yesu a hanya ta ce da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba, Maryamu ta zo ta maimaita maganar kalma bisa kalma. Bai ce musu su gyara harshe ba. Ya tambayi inda aka sa shi, ya yi hawaye, alhali ya san nan da ɗan lokaci Li'azaru zai fito. Na'omi ta koma Baitalami ta ce wa matan garin kada su ƙara kiranta Na'omi, su kira ta Mara, don Mai Iko Dukka ya ɗaɗa mata ɗaci. Wannan matar mai ɗacin baki ita ta rungumi Obida, kakan Dawuda. In kuma kalmomin sun ƙi zuwa gaba ɗaya, ki zauna kawai. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Ajiyar zuciyar da kike saukewa ƙarfe uku na dare tana isa inda ya kamata.

Waƙa kuwa, ki bar ta ta huta. Waɗanda aka kai bauta Babila sun rataye garayunsu a kan itatuwa, suka ce yaya za mu rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa. Ke ma baƙuwar ƙasa kike ciki, ƙasar da babu shi. Akwai abin da yakan dame ni game da mu. Maƙwabtanmu Musulmi suna ba matar da mijinta ya rasu wata huɗu da kwana goma na takaba, kowa ya san halin da take ciki, ba mai sa ran ganinta a gaban taro. Isra'ilawa sun yi wa Musa makoki kwana 30, Masarawa sun yi wa Yakubu kwana 70. Mu kuwa mako uku bai cika ba an fara cewa "Mama, yaushe za ki dawo mana da muryar nan?" Da kyakkyawar niyya suke yi, na sani, suna kewarki ne. Amma ki ce wa shugabar zumuntarku ta ba wata ragamar waƙa har shekara ta zagayo. Lokacin da nawa maigidan ya rasu na yi wata bakwai a kujerar baya. Wata tsohuwa takan zo ta zauna kusa da ni, ta buɗe littafin waƙoƙi ta ɗora shi tsakanin cinyarta da tawa, ta yi ta rerawa da muryarta mai rawa, ba ta taɓa cewa in kama ba. Ita ta riƙe mini waƙar har na iya karɓa. Shekaru kin rera wa wasu, yanzu ki bari a rera a kanki.

Kin tambayi ina ta'aziyyar take. Ina tsammanin kina nemanta a cikin ƙirjinki, kina jira ki ji sanyi ya sauka, da bai sauka ba sai kika ce babu ita. Begenmu na Kirista bai rataya a kan abin da muke ji da safe ba, ya rataya ne a kan wani abu da ya riga ya faru a wajen birnin Urushalima, ko kin ji daɗi ko ba ki ji ba. Ki tuna mutane biyun nan da ke tafiya Imuwasu ranar Lahadin tashi. Suka ce wa baƙon da ya tarar da su, da muna sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila. "Da muna." Begensu ya riga ya zama labarin jiya, kuma wanda suke makoki yana tafe kafaɗa da kafaɗa da su, ba su gane shi ba har sai da aka zauna cin abinci. Rashin ganewarsu bai hana shi kasancewa a hanyar ba.

Bulus bai ce wa Tasalonikawa kada su yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi irin na waɗanda ba su da bege. A 1 Korintiyawa 15 kuma ya kira mutuwa da sunanta, abokiyar gaba, ta ƙarshen da za a hallaka. Saboda haka ba a bukatar ki ce mutuwar mijinki abu ne mai kyau. Mugun abu ne, Allah ma haka ya ɗauke ta, shi ya sa Ɗansa ya shiga cikinta ya fasa ta daga ciki. Na san abin da idonki ya riƙe: ƙafafun da suka kumbura, fatar da ta dushe, numfashin da yake ja da ƙyar a zafin Afrilu na garin nan. Wannan jikin ne aka shuka da rashin ƙarfi, shi ne kuma za a tayar da iko. Mako guda kafin ya tafi kun ji an yi shelar cewa kabari wofi ne, wataƙila a ranar maganar ta wuce ta saman kanki. Ba komai. Shelar tana nan daram, sunan mijinki yana cikinta. Ru'ya ta Yohanna 21:4 ta ce Allah zai share kowane hawaye, a gaba ke nan, wato ya san za mu iso wurinsa da hawayen a fuska.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da ba zan tsallake ba: da ma in kwanta kada in farka. Na gode da kika faɗa. Iliya ma ya faɗi irinta a ƙarƙashin wani itace a jeji, ya ce ya isa, Ubangiji ka ɗauki raina. Abin da aka fara yi masa shi ne aka bar shi ya yi barci, aka tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya koma barci, aka sake ciyar da shi, sannan aka yi magana. Jikinki ya yi kusan shekara biyu ba hutu. Ina so cikin makon nan ki je ki ga likita, ki faɗa masa maganar barci da abinci da wannan jimlar yadda kika rubuto mini ita. Akwai masu duba ciwon damuwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Na san abin da mutanen garin nan suke nufi in sun ce an kai wane Kware, ki toshe kunnenki. Damuwa ciwo ne da ke jin magani, shan maganinsa bai fi shan na zazzaɓi zama rashin bangaskiya ba. Su gwada miki hawan jini da sukari tun da kin je, su ne manyan masu lalata ƙoda, yaran nan kuma ke kaɗai ta rage musu. Idan kuwa tunanin ya wuce fata ya zama kina shirya yadda za ki cutar da kanki, kada ki jira safiya. Ki buga ƙofar Hajiya ko ki kira matar fasto a daren, a kai ki asibiti.

Ɗanki kuwa, kada ki ja shi zuwa coci da ƙarfi, kada kuma ki bari kawunai su taru a kansa da wa'azi. Tambayar da yake yi da babbar murya ita ce kike yi a ɓoye. Yana ganinki kina daurewa a gabansa, sai ya ɗauka shi kaɗai ne mai fushi a gidan, shi ne kuma mai zunubi. Wata rana da dare, ƙannensa sun yi barci, ki ce masa ni ma ina fushi, ni ma ban gane ba, amma wurinsa nake kai fushin don ban san wani wurin ba. Ki nuna masa cewa kukan "Allahna, Allahna, don me ka yashe ni" daga bakin Yesu ya fito a kan gicciye. Sannan ki yi shiru ki ji nasa. Zai yiwu akwai abin da ya gani a asibiti da bai faɗa wa kowa ba. Ki nemi namiji guda mai hankali cikin abokan babansa da zai riƙa ɗaukarsa su zaga, ko kallon ƙwallo ne. Ki kuma hana mutane ce masa "yanzu kai ne maigida". Yaro ne mai shekara 15 da ya rasa uba, wannan kayan ya ishe shi.

Uwar mijinki ta binne ɗan da ya kamata ya binne ta. In ta ce a kawo yara, fuskar ɗanta take so ta gani a fuskokinsu, kuma a idonta kiranki gida rufin asiri ne. Ƙanen mijinki ma gaskiyar aljihunsa ya faɗa, ya fi miki wanda zai yi alkawari ya ɓace. Shawarata ita ce kada ki yanke hukuncin tashi a shekarar farko. A nan masu kawo miki ɗinki suke, a nan makarantar yara take, a nan kuma za ki bi takardun haƙƙinsa. Ki kira uwar mijinki da kanki, kada ki aika. Ki ce mata ba ƙin gida kike yi ba, ki roƙi a bar yara su gama shekarar karatu a Yuli, sannan a zauna a duba. Kowace Lahadi da yamma ki ba jikokinta waya su gaishe ta. In hanya ta yi kyau lokacin Kirsimeti ku je, in ana jin labarin 'yan bindiga a hanyar kada ki yi kasada don kunya. Idan Yuli ta zo kika ga zaman nan ya gagara, komawa gida ba faɗuwa ba ce, sai dai ki koma da shirinki: ɗakinki, kekenki, makarantar da yara za su shiga.

Batun kuɗi kuma, akwai haƙƙin da nake tsoron ba a gaya miki ba. Tun da ma'aikacin tarayya ne, abin da ya tara a asusun fanshonsa na magadansa ne. Dokar fansho ta 2014 ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. In ana cire masa kuɗin asusun gidaje na ƙasa, shi ma ana mayarwa, ki kuma tambayi ƙungiyar adashin ma'aikata ta ofishinsu ko yana da ajiya. Za a nemi takardar shaidar mutuwa, da takardar aurenku, da takardun haihuwar yara, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci da ake karɓa a babbar kotu idan bai bar wasiyya ba. Ki fara daga sashen ma'aikata na ofishinsa da kamfanin da ke riƙe da fanshonsa. Ki je da ƙanen mijinki don kada a ce kin yi a ɓoye, amma asalin takardu su kwana a hannunki, kwafi za ki riƙa bayarwa, kada kuma ki sa hannu a abin da ba a karanta miki ba. In abin ya cije, hukumar Legal Aid Council tana taimaka wa marasa ƙarfi da lauya kyauta. Abin yakan ɗauki watanni, don haka kada ki jingina hayar Disamba da shi. Tun yanzu ki je wurin mai gidan da wani dattijo ku nemi a raba biyan, ko ki fara cigiyar ɗaki biyu mai sauƙi kusa da makarantar yara. Masu binki bashi ma ki rubuta sunayensu da adadin, ki je musu kafin su zo miki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ki kai wannan lissafin gaban dattawan ikilisiya ba tare da sunkuyar da kai ba. Mutum bakwai na farko da aka keɓe don hidima a Ayyukan Manzanni 6, saboda abincin gwauraye aka zaɓe su. Wasiƙar Yakubu ta ce addini mai tsarki shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Jama'ar da ta yi azumi don mijinki tana ƙaunarku, sai dai sau da yawa mutane ba su san me za su yi bayan an watse daga zaman makoki ba. Ki ba su abu takamaimai: kuɗin makarantar ƙaramar na zango ɗaya, ko a ba ki ɗinkin ankon zumunta na bana.

Hajiya kuwa, ki riƙe ta hannu biyu. Na san inda tsoron waccan 'yar'uwar ya fito. Duk wanda yake garin nan a watan Mayu na 2022, lokacin da aka kashe ɗaliba Deborah aka kuma sa dokar hana fita, ya san tabon da abin ya bari a zukatanmu, ba zan raina shi ba. Amma ba a ɗaukar laifin wasu a ɗora wa matar da ke sallama a ƙofarki da kwanon tuwo. Lokacin yunwa, gidan wata gwauruwa a Zarefat ta ƙasar Sidon aka aiki Iliya, can waje da Isra'ila, kuma da Yesu zai ba da misalin maƙwabci, Basamariye ya ɗauko. Kin yi ta tambaya ina Allah yake cikin watannin nan biyar. Ban ce wannan ya amsa duka ba, amma ni dai ina ganin sawunsa a wannan kwanon da ke tsallako katanga. Ki ci, ki yi godiya, ranar da kika sami sarari ki ɗinka wa jikarta riga.

Lahadi mai zuwa, in kin iya, ki je ki zauna a baya kusa da ƙofa. Tun ranar Asabar ki gaya wa mace ɗaya da kika yarda da ita ta zauna kusa da ke. In aka ɗauko waƙar da maigidanki yake so kika ji ba za ki iya ba, ki fita ki tsaya a inuwa, ta biyo ki. In ranar Jibin Ubangiji ce, ki miƙa hannu ki karɓa da fushin naki da komai. Ki sake rubuto mini bayan kin ga likita, ina so in ji abin da ya ce game da barcinki, da abin da ɗanki ya faɗa a daren da kuka zauna.